Yini ɗaya a ruwan Solent: ni da jikana da ƙarfen bakin ƙofa

'Yar'uwa, in wata rana tafiya ta kai ki kudancin Ingila, ko duba ɗalibi ko zaman jego, aka ce ki shirya za a fita da ke a jirgin ruwa mai ƙyalle, kada ki yi saurin cewa a'a kamar yadda na yi. Sau biyu ina ƙi. Ni da aka haifa a Kano, ko kwalekwalen dam ɗin Tiga ban taɓa takawa ba, me zai kai ni teku a cikin abin da ba ya tafiya sai iska ta ga dama? A karo na uku jikana ne ya karya ni. Shekararsa shida. Ya zo ya tsaya a gabana ya riƙe ƙugu ya ce, "Hajiya, tsoro kike ji?" Kin san tsakanin kaka da jika. Na ce masa, "Maigida, in dai kai za ka shiga, uwargidanka ba za ta zauna a tudu ba."

Uwarsa 'yar farina ce, don haka kada ki jira sunanta daga bakina. Aikin jinya take yi a birnin Sautamton, wanda ke tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgin ƙasa daga Landan. Ko ba ki san garin ba kin san labarinsa, domin daga tasharsa ce jirgin Titanic ya tashi ranar 10 ga Afrilu, 1912. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na riƙa ja da baya.

Kogin da sanduna suka cika

Daga Sautamton in kika yi gabas kaɗan za ki tarar da wani ƙaramin kogi mai suna Hambul. Abin da zai fara ɗaukar idonki sanduna ne, dogaye, farare, tsaye a kan ruwa iya ganinki, kamar gonar dawa bayan an yanke zangarniya. Kowace sanda jirgi ce. Iska na kaɗa igiyoyinsu suna bugun ƙarfe, ƙarar kamar ta awarwaro a gidan biki. Kogin yana zubawa a cikin ruwan Sautamton, shi kuma ya buɗe zuwa Solent, wato mashigin tekun da ya raba Ingila da tsibirin Wayit. Tsawon mashigin kimanin kilomita 32 ne. A nan ruwa yakan hau ya sauka sau biyu a yini, kuma in ya tashi tafiya yana gudu kamar kogi a watan Agusta. Shi ya sa ba a fita yadda aka ga dama, sai an duba jadawalin ruwa tukuna.

Mai jirgin wata dattijuwar Baturiya ce da ta yi aiki da 'yata kafin ta yi ritaya. Ta doshi saba'in, mijinta ya rasu, ita kaɗai take fita da jirginta. Tsawonsa mita takwas ne, bai fi motar bas ba. A cikinsa akwai ɗaki mai gadaje huɗu, da ɗan murhun gas, da banɗakin da in kin shiga sai kin yi dabara kafin ki juya. A bayan ɗakin akwai wurin zama a waje, benci biyu suna kallon juna, da sandar tuƙi a tsakaninsu.

Da ta ji yaron yana ce mini Hajiya, ita ma ta kama. Kafin ta kwance jirgin ta zaunar da mu ta gindaya dokoki uku. Ta farko, kowa ya sa rigar kariya, kuma ta yaro sai an ɗaure mata maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba ruwa zai zare masa ita ta kai. Ni kuma ta sa na cusa hijabina a cikin rigar, na cire zobe da awarwaro, saboda duk abin da ke lilo igiya na iya kama shi. Ta biyu, kada wanda ya miƙe tsaye ba tare da ya duba saman kansa ba. Ta uku kuwa, ta nuna wani ƙarfe da ke kwance a bakin ƙofar ɗakin, daga wannan benci zuwa wancan, ta ce wa jikana, "Wannan ba wurin zama ba ne, ba wurin ɗora hannu ba ne." Ya ce to. Kin san "to" ɗin ɗan shekara shida.

Ƙarfen labule da linzami

Bari in kwatanta miki jirgin da kayan gida, domin ta haka na gane shi.

A tsakiyarsa akwai doguwar sanda tsaye, ita ke riƙe da babban ƙyalle mai kusurwa uku. Gindin ƙyallen yana ɗaure a jikin wata sandar ƙarfe da ke kwance a sama, daidai kan masu zama. Su suna ce mata bum, ni na sa mata suna azara. Kai ɗaya na azarar yana maƙale da doguwar sanda, ɗaya kan kuma yana yawo hagu da dama kamar ƙyauren ƙofa. Daga azarar akwai igiya da ke saukowa ƙasa, ita ce linzamin ƙyallen: in an ja ta ƙyalle ya matso ciki, in an sassauta ya buɗe waje. Igiyar tana bi ta cikin 'yan tayoyi masu kwari, ta je ta dawo sau huɗu. Hikimar ita ce, mai ja ba zai ji sai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ba, amma fa sai ya ja igiya mai tsawo ninki huɗu.

To ina ƙasan linzamin yake ɗaure? A nan ƙarfen bakin ƙofa ya shigo. Dubi ƙarfen labulen ɗakinki da zoben da ke gudu a kansa. Haka yake, sai dai wannan mai ƙarfi ne, kuma maimakon zobe wani ɗan keke ne ke gudu a kai. Turawa na ce wa abin tirabula, wato matafiyi. Ɗan keken yana da ƙananan igiyoyi biyu, ɗaya na janyo shi dama, ɗaya hagu. Linzamin a jikinsa yake ɗaure.

Za ki ce, tunda akwai linzami, mene ne amfanin ɗan keke? Ni ma na tambaya. Jirgin ƙyalle ba ya iya tunkarar iska kai tsaye. Iyakacin ƙoƙarinsa ya karkace mata da kimanin digiri 45, ya riƙa saran hanya yana dama yana hagu har ya isa. A irin wannan tafiya azara tana kusa da tsakiyar jirgi, don haka linzamin ƙasa yake janyo ta fiye da yadda yake janyo ta gefe. In ya matse, bakin ƙyallen na baya ya miƙe tsam, ya kama iska sosai. In aka sassauta shi, azara ta ɗaga, saman ƙyallen ya murɗe ya zubar da iska. Ke nan linzami shi ke gyara siffar ƙyalle. Ɗan keke kuma shi ke juya ƙyallen gaba ɗayansa, kamar yadda kike tura ƙyaure ki rage iskar da ke shigowa ɗaki, ba tare da siffar ta lalace ba.

In iska ta yi laushi, sai a janyo ɗan keken wajen da iska ke fitowa, a ɗan saki linzami, azara ta zo tsakiya amma ƙyallen bai shaƙe ba. In iska ta taso da ƙarfi, sai a sake shi ya gangara ɗaya gefen, ƙyalle ya kauce wa iska, jirgi ya miƙe. A bakin ƙyallen akwai 'yan zirin yadi da aka ɗinka. In suna kaɗawa a miƙe zuwa baya, iska na wucewa daidai. In sun lanƙwashe sun ɓuya a bayan ƙyalle, an matse da yawa. Dattijuwar ba ta minti ɗaya ba ta ɗaga kai ta dube su ba, kamar mai tuyar ƙosai da kaskonta.

Abin da ya faru a gaban Kalshot

Da inji muka sauka kogin. Da muka fito fili ta ɗaga ƙyalle ta kashe injin. Wannan shirun, 'yar'uwa, shi ne abin da ba zan manta ba. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ruwa na shafar jikin jirgi, ga mu muna tafiya. A hannun dama muna hango matatar mai ta Foli, a gaba kuma wani siririn harshen ƙasa mai suna Kalshot, da ƙaramar ganuwar dutse da Sarki Henry na Takwas ya gina a kansa wajen shekara ta 1540.

Iskar yankin ta fi zuwa daga kudu maso yamma, mu kuma kudu muka nufa, garin Kawus da ke kan tsibirin. Don haka iska na bugun mu ta dama, jirgin ya ɗan kwanta hagu. Da farko gabana ya faɗi, sai ta yi mini bayani cewa a ƙarƙashin jirgin akwai wani ƙaton ƙarfe da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, shi ke dawo da shi duk sanda ya karkata.

Muddin muna bayan tudu, iska da sauƙi. Muna wuce Kalshot tudun ya ƙare. Na ga fuskar ruwa a gabanmu ta yi duhu, ta yi yamutsi. Ashe alamar guguwa ce mai zuwa. Akwai wani lissafi da ya kamata ki riƙe: in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take dannan ƙyalle da shi ninkawa yake sau huɗu. Nan take jirgin ya kwanta har ruwa ya hau gefensa na hagu. Kwanon dambun naman da na taho da shi ya tafi ƙasa.

Hannun dattijuwar ya kai kan ƙaramar igiyar ɗan keke, don abin da ta saba yi ke nan shekara da shekaru. Sai na ga ta tsaya cak. Na bi idonta. Maigidana ya zame daga kusa da uwarsa ya zauna a bakin ƙofa, kuma da jirgin ya karkata ya nemi abin riƙewa, ya damƙe ƙarfen nan da hannu biyu, daidai gefen hagu inda keken zai gangara. A irin wannan iska, nauyin da ke kan ɗan keken ya wuce na buhun masara. Da ta saki igiyar, a kan yatsunsa zai bi.

Ba ta saka ba. Ba ta kuma yi masa tsawa ba. Ta bar jirgin ya juya hancinsa cikin iska. Ƙyallen ya shiga bugawa kamar ana kakkaɓe tabarma goma lokaci ɗaya, azara na girgiza a saman kanmu, jirgin ya miƙe ya kusa tsayawa. Cikin wannan ƙara ta ce wa yaron da murya a kwance, "Ɗaga hannuwanka sama in gani." Ya ɗaga yana dariya, shi a ganinsa wasa ne. Uwarsa ta fizgo shi. Duka abin bai kai daƙiƙa goma ba.

Ni kam bakina ya bushe. Da na dubi dattijuwar na ga hannunta na rawa a kan sandar tuƙi. Ta ce, "Hajiya, laifina ne. Tun a kogi na yi tunanin rage ƙyalle, na ce bari mu gani." Nan ta sauke kashi ɗaya na ƙyallen ta naɗe shi a jikin azara, ta mayar da ɗan keken tsakiya ta kulle shi ta gefe biyu, ta ɗaura wa yaron igiyar tsaro daga rigarsa zuwa wani zobe a bayan benci, inda hannunsa ba zai kai ƙarfen ba. Ta ce masu tuƙi suna da ƙa'ida: sanda zuciyarki ta fara raya miki rage ƙyalle, to lokacin ya yi. Na ce mata mu ma muna cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran hanyar lafiya lau. Mun jira wani ƙaton jirgin kwantena ya wuce, domin a wannan yanki doka ta hana ƙananan jirage shiga mita 1,000 a gaban duk jirgin da tsawonsa ya wuce mita 150, ko mita 100 a gefensa. Ta nuna mini inda tudun yashin Barambul yake ɓoye a tsakiyar ruwa. Yakan fito fili na ɗan lokaci in ruwa ya janye sosai, kuma sau ɗaya a shekara 'yan ƙungiyoyin jirage biyu sukan je su buga wasan kurket a kansa kafin ruwa ya dawo ya kore su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wurare uku, kowanne da nasa

A Kawus, bayan mun ɗaure jirgi, ta ce in zo ta nuna mini wani abu. Muka bi layin jiragen da ke tashar tana nuna mini inda kowa ya sa ƙarfensa. A nan na gane cewa abin da ya faru da mu tsohuwar muhawara ce a tsakaninsu.

Wasu sun sa shi can baya, bayan mai tuƙi, linzamin yana kama ƙarshen azara. Tuna ƙofar ɗakinki: in kika tura ta daga wajen mariƙi, yatsa ɗaya ya isa, in kika tura ta daga kusa da maƙalarta sai kin sa ƙarfi. Haka azara take. Kama ta a ƙarshe shi ya fi sauƙin ja, igiya kaɗan ta wadatar, kuma mai tuƙi na iya kai hannu. Aibinsa shi ne duk sanda azara ta tsallaka daga gefe zuwa gefe, igiyoyin sukan share bayan jirgin, su kama wuya ko kafaɗar wanda ke hanya.

Wasu kuma, kamar ita, sun sa shi a tsakiyar wurin zama ko a bakin ƙofa. Wannan shi ne zaɓin mai tuƙi shi kaɗai: hannu ɗaya a sandar tuƙi, ɗaya a igiya, guguwa na zuwa ya amsa mata kafin ƙiftawar ido. Amma ya raba wurin zama biyu, yana tare ƙofa, yana bugun ƙauri, yana hana kafa rumfa mai faɗi, kuma daidai tsayin hannun yaro yake.

Na uku shi ne wanda na fi gani a sababbin jiragen iyali: an ɗauke ƙarfen an ɗora a kan rufin ɗaki, gaba da ƙofa, linzamin yana kama tsakiyar azara. Wurin zama ya zama fili, a kafa rumfa, yara su yi wasansu. Ina ganinsa na ce, "To ai ga magani." Ta girgiza kai. Ta ce in koma kan misalin ƙofa. In aka kama azara a rabinta, nauyin da ke kan igiya ya ninka biyu. Sai an ƙara tayoyi, ko a riƙa naɗe igiyar a injin ja mai hannu, wanda ke cin lokaci. Azarar kanta na iya lanƙwashewa ko karyewa a wurin da aka kama ta, sai an raba nauyin a wurare biyu ko uku a jikinta. Rufin ma sai an ƙarfafa shi ta ciki da faranti na ƙarfe, in ba haka ba wata rana iska ta tumɓuke abin gaba ɗaya. Babbar matsalar kuma, igiyar ta yi wa mai tuƙi nisa. In guguwa ta zo sai ta saki tuƙi ta tsallaka mutane kafin ta kai gare ta, ko kuma ta dogara da baƙo irina wanda bai san hagu da dama ba.

Ta ce jikokinta uku ne, kuma shekara biyu ke nan tana wannan lissafi. In ta matsar da ƙarfen, ta ceci yatsu amma ta rage wa kanta iko a kan jirgin da yaran ke ciki. In ta bar shi, iko na hannunta amma haɗari na bakin ƙofa. Kowane allazi da nasa amanu. Ke da kike girki da mai rarrafe a gindinki kin san wannan lissafi: tukunya a ƙasa ta fi miki sauƙin juyi, a sama ta fi nesa da hannunsa, amma in ta kife daga sama ta fi muni. Abin da ta yanke a ranar shi ne ƙarfe ya zauna inda yake, amma duk ranar da yaro ya shigo, tun daga tasha za ta rage ƙyalle, ta kulle keke a tsakiya, ta yi aiki da linzami kaɗai. Jirgin zai rage gudu. Ta ce ba wanda ke jiran ta da kofi.

Garin Kawus

Garin ƙarami ne, kogin Madina ya raba shi biyu, kuma wani jirgin fito mai bin sarƙa ne ke tsallakar da mutane da motoci. Babban titinsa siriri ne, shaguna na sayar da igiya da rigunan ruwa kamar yadda ake sayar da atamfa a Kantin Kwari. Tun 1826 ake gasar tseren jirage ta mako guda a nan lokacin zafinsu. A 1851 wani jirgin Amurka ya zo ya cinye Turawan Ingila a tseren zagaye tsibirin, kuma daga nan gasar Kofin Amurka ta samo asali. A tsallaken kogin akwai gidan Osbon, inda Sarauniya Biktoriya ta rasu a 1901.

Amma mutanen garin sun san ruwa ba abokin wasa ba ne. A watan Agusta na 1979, jirage 303 suka tashi daga nan don tseren Fasnet, guguwa ta riske su a teku, 'yan tsere 15 suka mutu. A ko'ina za ki ga akwatin tara gudummawa na ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824, kuma yawancin masu fita ceton 'yan sa kai ne. Akwai kuma gidauniyar Ellen MacArthur, matar da ta zagaye duniya ita kaɗai a jirgin ƙyalle cikin kwana 71 a shekarar 2005. Gidauniyar tana fita da yara da matasan da suka yi fama da ciwon daji, don su dawo da ƙarfin zuciyarsu a kan ruwa. Da na ji haka na daina ganin abin a matsayin wasan masu kuɗi kawai.

In ba ki sami mai ɗaukar ki a jirgin ƙyalle ba, akwai jirgin fito daga Sautamton. Babban yana ɗaukar kimanin awa ɗaya, mai saurin bai kai rabin awa ba.

Dawowa da iska a baya

Da la'asar muka juyo, iska na tura mu ta baya. A nan ɗan keken ba shi da aiki, don azara ta buɗe can waje ta wuce iyakar ƙarfen. Wata gajeriyar igiya ce daga gindin doguwar sanda ke danne ta kada ta ɗaga. Tafiyar ta yi daɗi, jirgi a miƙe, iska kamar ta kwanta. Dattijuwar ta ce wannan daɗin shi ne yaudara: iskar na nan, gudu tare da ita ne ya sa ba ma jin ta. Kuma a nan azara ta fi haɗari. In mai tuƙi ya yi sakaci iska ta shiga ta bayan ƙyalle, azarar za ta tsallako da ƙarfinta duka, kuma ta sha kashe mutane. Don haka ta ɗaure ta da igiya zuwa gaban jirgi. Da muka zo inda dole mu juya, ta kwance igiyar, ta duba keke na kulle, ta janyo linzami har azara ta zo tsakiya, ta ce kowa ya sunkuya, sannan ta juya a hankali ta saki. Azarar ta wuce kanmu ba ko ƙara. Maigidana ya fi kowa sunkuyawa, hannuwansa a hammata.

Abin da na dawo da shi

A hanya na ba ta labarin namu ruwan. Na gaya mata abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamba na 2021, inda kwalekwale ya kife da mutane, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Na gaya mata na jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko suna sanye da riga. Ban iya amsa mata ba.

Jiragenmu ba su da ƙyalle ba su da azara, amma tambayoyin uwa iri ɗaya ne a ko'ina. Kafin ki sa ɗanki a kowane jirgin ruwa, a Yawuri ne ko a Ingila, tambayi mutum nawa aka yi shi ya ɗauka, ki ƙirga da idonki. Nemi riga daidai jikin yaron. Bayan kin ɗaure masa, kama kafaɗun rigar ki ɗaga: in ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa. Tambayi mai jirgi mene ne ke motsi a ciki, kuma ina ne yaro ba zai sa hannu ba, sannan ki zauna tsakanin yaron da wurin. Kada ki dogara da "to" ɗinsa. In sama ta canza ko dare ya yi, ki haƙura da tafiyar ko da za a ce kin cika tsoro. Ki sa takalmi mai ƙasan roba, ki tattare mayafi. In tashin zuciya ya zo miki, dubi can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, ki tauna 'yar citta.

Mun shiga Hambul wajen ƙarfe takwas, rana na nan a sama, don a tsakiyar zafinsu sai bayan tara take faɗuwa. Yaron ya yi barci a mota. Da muka isa gida uwarsa ta kwantar da shi ta tafi ɗora ruwan shayi. Ni kuwa na zauna a bakin gadon, na kamo hannuwansa na ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya. Goma ne. Na sake ƙirgawa.

Washegari da safe ya zo ya ce, "Hajiya, yaushe za mu koma?" Na ce, "Maigida, sai ka fara nuna mini inda ba a sa hannu." Ya ruga ɗaki ya nuna mini ƙarfen labule.